Gurbin da Kawu Ya Bari a Cikin Bugu

Ni ne ban yi daidai ba. Gara in fara da wannan tun kafin in yabi kowa, don kada waɗanda suka san abin da ya faru su ce Sakatare ya zo yana wanke kansa da hawayen makoki. Na wulaƙanta kawuna, wan mahaifiyata, a gaban jama'a, kuma na yi shekara biyu da 'yan watanni ina ganin ni ne mai gaskiya. Yanzu ya rasu. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Na ɗauki biro ne don kada a manta da shi, kuma babu yadda za a ba da labarinsa a tsallake laifina.

Ranar Talata ya cika, bayan azahar, a kan kujerarsa ta ƙofar shago, kofin shayinsa ko hucewa bai yi ba. Washegari muka jera kujeru a lungun da shagon gugarsa yake, can bayan unguwar Dokki. Mu Hausawan Alƙahira mun san juna, saboda haka na san waɗanda zan gani: ma'aikatan ofishin jakadanci da matansu, ɗaliban ilimin addini, tsofaffin Hausawan Sudan, sai masu gadin gidajen unguwar, waɗanda ake ce wa bawwab. Duk sun zo. Waɗanda kujeru suka kasa su ne samari da 'yan matan Masar da suka fara shigowa lungun da hantsi, uku-uku, biyar-biyar, cikin baƙaƙen riguna, wasu gashi har gadon baya. Na ga wani ya tsaya a bakin lungu ya cire ɗan kunnensa ya jefa aljihu kafin ya ƙaraso.

Wani sabon ɗalibi ya raɓo kusa da ni ya ce, "Sakatare, waɗannan ɓatan hanya suka yi?"

Na ce, "Gaisuwa suka zo."

"Ta wa?"

"Ta wanda ka zo wa."

Ya dube su, ya dube ni, ya koma ya zauna. Da aka fara karatu, ashe wasu daga cikinsu sun fi ni haddar Yasin.

Babbansu wani ƙato ne mai kitsattsen gemu. Da rana yana sayar da magani a wani kanti a Giza, da yamma shi ne mai kiɗan ganguna a wata ƙungiyar makaɗa. Ya kama hannuna biyu ya yi mini ta'aziyya da Larabci, "Al-baƙa'u lillah, ya Ammu," sai ya fashe da kuka, har sai da wani tsohon Basudane ya tashi yana bubbuga bayansa yana ba shi haƙuri. Da ya natsu, shi ya karɓi faranti ya yi ta zagawa da gahawa marar sukari har la'asar. Wata mata ta ce daga Iskandariya ta hawo jirgin ƙasa, ba ta taɓa ganin Kawu ido da ido ba, muryarsa kawai ta sani. Matar wani babban ma'aikaci ta yi kukanta ta share ido, sannan ta ce wa matata, "Allah ya gafarta mini, amma yanzu wa zai buga mana shaddar Salla?" Aka yi dariya, ba wanda ya ga laifinta. Bawwab na gidan da ke kallon shagon kuwa cewa ya yi shekara talatin bai duba agogo da safe ba, in ya ji bugun Alhaji ya san tara ta yi.

Kawu mutumin Kura ne, ɗan gidan masu bugu. Ga wanda bai sani ba, bugu shi ne a shimfiɗa shadda ko rinannen yadi a kan gungumen ice, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, kowa da ɗan bugu a hannu, wato gudumar icen nan mai nauyi, wannan na saukewa wancan na ɗagawa, har yadin ya yi ƙyallin da dutsen guga ba ya iya bayarwa. Yana saurayi ya bar gida da niyyar Makka ta ƙasa. Ya daɗe a Sudan, a can ya yi aure, daga baya ya gangaro Masar ya kama guga. Hajjin bai yi ba sai da furfura ta cika masa kai, kuma yakan ce tafiyar da ya fara da ƙafa jirgi ya ƙarasa masa ita kafin ya gama cin abincin da aka ba shi. Matarsa ta riga shi da daɗewa. Ba su haihu ba.

Gungumen a unguwar Ma'adi ya samo shi, wata shekara da aka sare tsohuwar bishiya a ƙofar gidan wasu Turawa. Ya tsaya a kan masu saran har suka yanka masa daidai tsawon da yake so, ya ɗora a keken jaki, ya bi shi a ƙasa har shago. Tun daga nan duk mai shadda a garin nan ya san hanyar lungun.

Da baki yake fesa wa kaya ruwa, irin na tsofaffin masu gugar Masar. Dutsen guga mai tururi da aka taɓa kawo masa tsaraba ya sa masa suna Raggo, kuma a kansa yake rataya hula. Ba ya jin nauyin kowa. Babban mutum zai miƙo riga, Kawu ya ɗaga ta ya duba ɗinkin hammata ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ƙara ƙiba, rigar nan tana shan wahala." Ɗalibin da ya sauka sabo kuwa, rigar Juma'arsa ta farko a wuyan Kawu take, har da farantin wake da burodi yayin da yake jira.

Ni ma haka na same shi. Karatu na zo yi, na yi shekara biyu nahawu ya kayar da ni, aka sallame ni. Na ji kunyar komawa gida, na zo shagonsa da jaka ɗaya. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya nuna mini ɗaya gefen gungumen ya ce, "Zauna nan. In na sauke ka ɗaga, in na ɗaga ka sauke. In ka bugi hannuna zan gaya wa uwarka." Shekara bakwai muna bugu tare. A shagon na tara abin aure, kuma da aka haifi 'yata ta fari, sunan mahaifiyata na sa mata. Shi ya sa ni nake ce mata Mamana, shi kuma yake ce mata Ƙanwata.

Daga baya na sami aikin tuƙi a ofishin jakadanci, aka kuma zaɓe ni sakataren ƙungiyarmu ta Hausawa. Sai na fara ganin bai dace mutanen da nake karanta wa sanarwa su same ni zaune a ƙasa da singileti ina dukan rigunansu ba. Na fara da cewa aiki ya yi yawa, har na daina zuwa bugu gaba ɗaya. Kawu ya ci gaba shi kaɗai, ya kuma sauya mini suna. Tun daga lokacin bai sake kirana da komai ba sai Sakatare.

Abin da zan faɗa game da yadda aka yi waƙar da ta kawo waɗannan samari makokinsa, ban gani da idona ba. Daga bakin 'yata da mai gangunan nan na ji daga baya.

'Yata a nan aka haife ta, Larabcin Masar ya fi zama a bakinta. Tana karatun injiniya a jami'ar da ke Giza, ashe kuma tana kaɗa jita mai kaurin muryar nan a ƙungiyar su mai gangunan. Uwarta ta sani, ni ban sani ba. Kiɗansu shi ake ce wa metal, wanda jitar lantarki ke ruri kamar injin niƙa. Nasu reshen kuma suna ce masa furogiresif: waƙa ɗaya sai ta yi tsawon tafiya daga Dokki zuwa Ma'adi a jirgin metro, tana sauya taki a hanya, in ka ce za ka bi da ƙafa sai ka yi tuntuɓe.

Duk Alhamis takan kai wa Kawu tuwo. Wata rana ta zauna tana jiransa ya gama wata shadda, ta ɗauki ƙarar bugun a waya, ta kai wa mai ganguna. Ya saurara ya kasa ƙirgawa. Bugun mutum biyu tafiya yake yi daidai, kamar sawun mai lafiya. Na Kawu ɗingishi yake: ya sauke, ya sauke, ya ɗan dakata, ya sauke, ya dakata. Mutumin nan ya kwana uku abin na cinsa, ya ce a kai shi wurin tsohon.

Ya zo da takarda da biro ya tsuguna a gaban gungumen yana ƙirga da Larabci. Ya sami bakwai, ya sake ya sami goma sha ɗaya. Ya ce, "Ya Hajj, nawa kake ƙirgawa?"

Kawu ya ce, "Riga nake ƙirgawa. Yau saura huɗu."

Ya juya wurin 'yata ya ce da Hausa, "Ƙanwata, wannan ƙaton lafiyarsa kuwa? Ko ya sha daga cikin abin da yake sayarwa?"

Ta ce, "Tsoho, so yake ka shiga waƙarmu."

"Da akwai abinci?"

"Akwai."

"Yalla, mu je."

Sun kai shi ɗakin ɗaukar sauti a Ma'adi cikin ƙaramar bas, gungumen ya cinye kujera biyu. Kawu ya ci babbar riga, aka ɗora masa abin sauraro a kan hula. Ya ƙi buga icen haka nan, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, sai da aka samo shaddar gaske aka shimfiɗa. Da mai jita ya saki tasa ƙarar, Kawu ya ajiye ɗan bugu ya ce, "Ƙarar ba ta dame ni ba, na yi maƙwabtaka da masu walda. Amma ina za ka da wannan sauri? Wani ya biyo ka?" Dole suka rage gudu, kuma 'yata ta ce daga ranar nauyin waƙar ya zauna.

In yana bugu yakan yi wani ƙunƙuni da na saba ji ban taɓa kula ba. Ashe garuruwan da ya bi yake jerawa: Kura, Maiduguri, Injamena, Junaina, Umdurman, Halfa, Aswan. A kan wannan suka gina waƙar, minti goma sha uku, kowane zango da irin takinsa. Tana farawa da bugun Kawu shi kaɗai, babu komai, sai muryarsa ta shigo can ƙasa-ƙasa, sannan ganguna su bi ɗingishin, jita ta faɗo a kai. A Umdurman, inda ya sami matarsa, komai yana lafawa, sai jitar 'yata da ɗan bugu su rage su biyu. Da ya ji ta gama, abin da ya ce shi ne, "Tamam, ta yi. Amma shaddar nan ta wane ce? Gefen hagu bai ji bugu ba."

Ni ta waya abin ya same ni. Wani ya turo bidiyon a zaurenmu na ƙungiya, da rubutu a ƙasa: Sakatare, wannan ba kawunka ba ne? Na buɗe na ga Kawu a tsakiyar masu gashi, na ga 'yata da hijabinta rungume da jita. Na kashe. Da na tashi aiki ban je gida ba, shago na nufa.

Na ce, "Kawu, me ka je yi cikin waɗannan mutanen?"

"Bugu."

"Da jita ake bugu?"

"Ni dai da ɗan bugu na yi. Ka ji waƙar?"

"Na ji abin da ya ishe ni."

"Har ina ka kai?"

"Ban kai minti ɗaya ba."

"To ai ko Kura ba ka bari ba. Ka koma ka ji. A Umdurman abin yake da daɗi."

Na ce masa da girmansa ya ja mini yarinya cikin shashanci. Ya ce ita ta ja shi, kuma a gabansa ta tsayar da ƙattin nan ta yi la'asar, biyu daga cikinsu ma suka tashi suka yi tasu. Na ce mutane na magana. Ya ɗago ya ce, "Su wa?" Na buɗe baki ban sami suna ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai ba ni haushi, na fita ban yi sallama ba.

Muna da al'ada a nan. Duk taron suna ko ɗaurin aure, wanda ya fi kowa shekaru shi ke buɗewa da addu'a, shi ake miƙa wa farantin goro ya fara ɗauka kafin a zaga. Goro a Alƙahira ba abin wasa ba ne, sai wani ya dawo daga gida ake gani. Tun kafin in zo ƙasar nan Kawu ke riƙe da wannan. Ba malami ba ne, addu'arsa gajera ce, rabi Larabci rabi Hausa, amma yakan ambaci iyayen da aka baro gida, kuma a nan mutane kan yi shiru.

Mako biyu bayan rigimarmu aka yi suna. Ni ke riƙe da makirfo. Kawu na zaune a gaba, har ya gyara hannun riga ya fara ɗaga tafukansa. Sai na ce, "Daga yau addu'ar taronmu tana hannun waɗanda suka tsare mutuncinsu." Na kira wani matashin malami da ke karatun digiri na uku, na miƙa masa makirfo, na ɗauke farantin goron daga gaban Kawu na ajiye a gaban malamin.

Ba wanda ya sa ni. Ba malamin da ya ce in yi. Kawu bai sauke hannunsa ba, ya bar su a ɗage, kuma amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ya ci shinkafarsa, ya yi wa mai jego barka, ya tafi. Bai sake zuwa taro ba. Malamin nan ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Sakatare, maganar kiɗa malamai sun daɗe suna saɓani a kai, wannan daban. Amma abin da ka yi wa dattijon nan ban san wanda ya halatta shi ba. Ka sa ni cikin abin da ba ruwana." Na ce masa yaro ne, bai san shugabanci ba.

Gaskiyar ita ce ba addini nake karewa ba. Kujerata nake karewa. Tsoro nake ji kada a ce ga 'yar Sakatare, ga kawun Sakatare, sai na riga kowa jifa.

A gida 'yata ta koma gaisuwa kawai, ina kwana, sannu da zuwa. Na kwashe kayana na kai wa wani mai guga a Giza. Matata ta ci gaba da kai nata wurin Kawu, tana dawo mini da saƙo. "Ya ce in gaya wa Sakatare ya hango shi a mota, wuyan rigarsa ya karkace." Wani makon kuma, "Ya ce mai gugarka da ƙafa yake yi ko da hannu?"

Ita kuwa waƙar ba ta jira ni ba. Masu koyon ganguna suka riƙa gwada kansu da ita, har takin ya sami suna a wurinsu, takin mai guga. In ƙungiyar ta hau dandamali, duk inda bugun Kawu ya dakata sai jama'a su cike da tafi, ɗaruruwan hannaye a tare. Samari suka fara kawo masa baƙaƙen rigunansu guga don dai su zauna da shi. Matata ta taɓa samunsa yana goge wata mai hoton ƙoƙon kan mutum, yana lallaɓa ta yana cewa, "Kai ma Allah ya jiƙanka." Wasu masu bugu a Kura suka turo bidiyo, sun kunna waƙar a waya suna aiki a kanta, ɗaya daga cikinsu jikan abokin Kawu ne na ƙuruciya. An ce ya kalli wannan bidiyon ya fi sau ashirin, yana nuna wa duk wanda ya shigo, har da mai kawo tukunyar gas. Mai ganguna kuma ya mayar da Juma'a ranar koyon bugu.

Ranar da na ji waƙar ba da son raina ba ne. Maigidana a wurin aiki, wani Kirista ɗan Kafanchan mai son raha, muna kan gadar Nilu da la'asar cunkoso ya tsayar da mu. Ya haɗa wayarsa da rediyon motar ya ce, "Malam, an ce wannan kawunka ne. Bari mu ji abin da yarana suka hana ni barci da shi." Direba ba ya ce wa maigida kashe. Na kafe ido a kan motar gabana.

Bugun ya fara. Ya sauke, ya sauke, ya dakata. Muna wajen Injamena maigidan ya ce, "Ashe ka haddace ta."

Na ce, "Yau na fara ji, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To dubi hannunka."

Hannuna na dama yana dukan sitiyari. Ba tare da Kawu yake sauka ba, a inda ya dakata yake sauka, daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ɗingishin da ƙaton nan ya kwana uku yana ƙirgawa ba wata fasaha ba ce daga Kura. Wurina ne. Shekara goma sha biyar da na tashi daga gaban gungumen, Kawu yana buga nasa yana bar mini nawa. Muka kai Umdurman, jitar 'yata ta shigo, na kasa ganin hanya. Na baya suka yi ta hon. Maigidan ya miƙo mini hankicinsa ya ce, "Ma'alish, ba komai. Bari su jira."

Da na koma gida na tambayi 'yata ko sun san da haka. Ta ce sun roƙe shi ya cike gurbin, ko ya bar mai ganguna ya zauna a ɗaya gefen, ya ƙi. Ko ranar Juma'a a kusa da shi yake zaunar da mutumin, ba a gabansa ba. Cewa yake yi wurin da mai shi, ya ɗan fita ne.

Kowa zai zaci da safe na tafi na durƙusa. Wata huɗu na ƙara. Na aika da mangwaro. Na aika da dabino. Na bi ta bakin lungun da mota ina rage gudu. A ƙarshe na ba matata farar shaddata ta kai masa. Ta dawo da ita a naɗe, na warware: rabi na ƙyalli kamar madubi, rabi yadda na aika. Ta ce, "Ya ce nasa ya gama."

Ranar Asabar da safe na tafi da shaddar. Yana ganina ya tura kujera gefe da ƙafa, ya miƙo ɗan bugu na biyu. Yana nan a inda na bar shi, an shafe shi da mai. Na tuɓe riga na zauna. Hannuna ya mutu, sau biyu na kusa sauke masa a yatsa.

Ya ce, "Sitiyari ya lalata ka, Sakatare."

Na ce, "Kawu, ina da magana."

"Buga."

"Game da ranar nan ne."

"Khalas, ya wuce. Kana magana kana ɓata taki. Buga."

Bawwab ya leƙo ya ce yau bugun ya sauya. Kawu ya ce masa ɗan aikinsa ne ya dawo daga hutu. Na koma gida kafaɗa na ciwo, zuciya fes, na ce wa matata an shirya. Tana tsinke ganye ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Shi ya shirya, ai bai taɓa ɓatawa ba. Kai fa? Da makirfo ka yi masa, mutum sittin na ji. Yanzu ka je lungu ka yi raɗa, raɗar ma bai bari ka ƙarasa ba."

Allah da ikonsa, taron da ya biyo baya sunan ɗan matashin malamin nan ne. Na roƙi Kawu ya zo, ya ce in shinkafar da nama ce zai duba. 'Yata ta ɗauko shi a tasi, mai ganguna na biye da su riƙe da sandarsa. Ya zaɓi kujerar baya kusa da ƙofa ya zauna. Saura kwana goma sha tara ya rasu, ba wanda ya sani cikinmu, shi kansa ranar ya fi kowa annashuwa.

Lokacin addu'a ya yi. Na ɗauki farantin goro da makirfo, na ratsa kujeru har baya, mutane na juyowa. Na durƙusa a gabansa na ajiye farantin a cinyarsa. Ya dubi goron, ya dube ni, ya sunkuyo daidai bakin makirfo ya ce, "Sakatare, ka gajarta. Abinci na hucewa."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Na jira ta lafa, sannan na ce:

"Jama'a, a gabanku na ce addu'a tana hannun waɗanda suka tsare mutuncinsu. Wannan dattijon shi ya tsare nawa ranar da na zo masa da jaka ɗaya, an koro ni daga makaranta, bai gaya wa kowa ba sai yau da na faɗa da bakina. Ba don Allah na yi abin da na yi ba, don kada a yi da ni ne. Mamana, ke ma na zalunce ki, na yanke hukunci a kan abin da ban saurara ba, ki yafe wa ubanki. Kawu, na tashi na bar ka da aikin mutum biyu, na dawo na ɗauke maka goro. Ban da hujja ko ɗaya. Ka yafe mini."